Sayen fulat a tsofaffin benayen Garki da Wuse: abin da ake dubawa kafin a biya

Duk wanda ya daɗe yana biyan haya a Abuja, ko yana tasowa tun asuba daga Mararaba ko Kubwa ko Suleja don ya riski ofis, ya taɓa kallon tsofaffin benayen Garki da Wuse ya ce ina ma. Fentinsu ya koɗe, barandunsu cike da shanya da dish, amma suna tsakiyar gari. Ga inuwar manyan bishiyoyi, ga kwalta har ƙofa, ga ruwan famfo. Mai zama a Zon 5 da ƙafa zai shiga Kasuwar Wuse, na Zon 3 da na Eriya 8 kuwa asibiti na bayan gidansu. Ɗakunan suna da faɗi, tagogin manya ne, iska na ratsawa, abin da da wuya ka samu a sababbin gidajen da ake cusawa goma a filin da ya kamata ya ɗauki huɗu. A ganina sayen irin wannan fulat shawara ce mai kyau, amma ga wanda ya san abin da yake saye. Akasarin masu zuwa dubawa suna ɓata lokacinsu a kan tayil da kabad ɗin kicin, alhali su ne mafi arha a cikin abin da za a gyara. Kuɗin gaske yana cikin takarda, da rufi, da bututu, da mutanen da za ka haɗa matattakala da su.

Sai an san asalin gidajen kafin a gane matsalarsu. An kafa Babban Birnin Tarayya da doka a 1976, gwamnati ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamba 1991. Garki da Wuse na cikin kashin farko na birnin, tare da Maitama da Asokoro da tsakiyar gari, kuma yawancin benayen da ke Eriya 1, 2, 3, 7, 8, 10 da 11 da Zon 1 zuwa 7 an gina su ne a shekarun 1980 zuwa farkon 1990 don a zaunar da ma'aikatan da ake kwasowa daga Legas. Bayan gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a madadin gida da mota a 2003, sai aka shiga sayar da gidajen daga 2005, lokacin Malam Nasir El-Rufa'i yana ministan Abuja. Ma'aikatan da ke ciki suka sayi wasu, wasu aka yi gwanjonsu. Abu biyu ya biyo baya. Na farko, bene ɗaya da a da hukumar raya babban birnin, FCDA, ke kula da shi ya koma hannun mutum shida ko takwas ko goma sha biyu, kowa da takardarsa, ba wanda rufi ko lambatu ke wuyansa shi kaɗai. Na biyu, shekara ashirin ke nan, don haka masu sayen farko da yawa sun yi ritaya sun koma gida, wasu sun rasu, wasu sun sayar an sake sayarwa.

Don haka da takarda ake farawa, tun kafin ka ƙwallafa rai a kan gidan. Tambayar farko ga dillali ita ce: wace takarda ke hannu, kuma sunan wa ke kanta? Mafi ƙarfi ita ce takardar shaidar mallaka da kowa ke kira C of O, mai ɗauke da lambar bulok da lambar fulat da lambar fayil. Wa'adinta shekara 99 ne daga ranar da aka rubuta a jikinta, ba daga ranar da kai ka saya ba, sai ka karanta ka lissafa abin da ya rage. Akwai waɗanda har yau abin da ke hannunsu takardar tayin sayarwa ce ta gwamnati da rasiɗan biya. Wannan bai sa gidan ya zama na jabu ba, amma dole rasiɗan su cika kuɗin da ke cikin tayin daidai, kuma dole farashin ya sauka, domin kai ne za ka yi zirga-zirgar fitar da takardar. Haka nan ma'aikata da yawa da bashin bankin gidaje suka saya, bankin ya riƙe asalin takardar. Idan mai gida ya nuna maka fotokwafi ya ce asalin na banki, to sai ka ga wasiƙar bankin mai faɗin abin da ya rage, a biya bankin kai tsaye daga cikin kuɗin cinikin, a karɓo takardar sakin jingina a yi mata rajista. Kada ka ba mutum kuɗi a hannu da alkawarin zai je ya fanso.

Daga nan sai binciken fayil a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja. Lauyanka ne zai nema, da kwafin takardar da wasiƙar izini daga mai gidan. Na ce lauyanka, ba wanda dillali ya kawo ba, ba kuma na mai sayarwa ba. Rahoton zai nuna sunan da gwamnati ta sani, da ko akwai jingina, ko wani ya shigar da ƙorafi a hana taɓa fayil ɗin, ko an soke mallakar. Mai gidan da ya ƙi ba da wasiƙar izinin bincike ya gama ba ka amsa. Gidajen da Hukumar Gidaje ta Tarayya ta gina, irin na Gwarinpa da Lugbe, fayilolinsu na wurin ita FHA ɗin, can ake zuwa.

Maganar kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ake biyan gwamnati, da mutane suna ɗaukarta wasa. A watan Maris na 2025 hukumar birnin ta sanar da soke takardun mallaka 4,794 saboda an haura shekara goma ba a biya ba, kuma Garki da Wuse na cikin unguwannin da abin ya shafa. Ka sa a fitar da takardar bashin daga AGIS, mai sayarwa ya biya kafin ciniki ya faɗa, ko a cire daga kuɗinsa a rubuce.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin da sunan mai sayarwa ya bambanta da sunan da ke kan takarda. A Abuja an saba ciniki da takardar wakilci, wadda dillalai ke kira fawa, saboda rajistarta ta fi arha da sauri. Wane ya ba wane wakilci, shi ma ya ba wani, sai ka iske hannu uku ko huɗu, sunan mutumin farko na nan daram a fayil. Kotun Ƙoli ta daɗe da yanke cewa takardar wakilci ita kaɗai ba ta mayar da mallaka, izini ce kawai na yin abu a madadin mai abu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ce ba a miƙa mallaka sai da amincewar gwamna, a Abuja kuwa ministan birnin ne ke ba da ita. Abin da ke kare ka shi ne yarjejeniyar miƙa mallaka da aka sa wa hannu, aka nemi amincewar minista a kanta, aka buga mata hatimin haraji, aka yi mata rajista. Yana cin kuɗi, yana cin watanni, amma shi ke sa sunanka ya shiga fayil. Idan hannuwan sun yi yawa, kowace gaɓa sai an ga asalin takardarta da shaidar rajistarta. Gaɓa ɗaya ta ɓata, sai an nemo mutumin ko magadansa sun sa hannu, kuma a lokacin da suka san kana buƙatarsu ba lallai su yi maka kyauta ba.

Gidan gado shi ma sai an yi a hankali, kuma yanzu su ne suka fi fitowa kasuwa. Babban ɗa zai zo da mukulli da takarda ya ce 'yan'uwa duk sun amince. Amincewar baki ba ta wadatar. Ana buƙatar takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Abuja, a ga an ambaci wannan fulat ɗin a cikinta, kuma duk waɗanda aka naɗa su sa hannu, ba ɗaya daga cikinsu ba. Idan Musulmi ne kuma kotu ta raba gadon, a karɓi kwafin hukuncin mai hatimi a ga wa gidan ya faɗo wa. A tambaya ko akwai matar da ba ta Abuja, ko marayun da ba su balaga ba, domin ba a sayar da rabon yaro sai ta hannun waliyyinsa da sanin alƙali. Sannan a fiƙihun Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a: idan magaji ɗaya ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba, sauran suna da ikon mayar maka da kuɗinka su karɓe. Ban ga hikimar sayen kaso a fulat mai ɗaki uku ba ko da an karya farashi, domin shari'a ce za ka saya.

Wani ƙaramin abu da ke haddasa faɗa: bikiyu, wato ɗakin 'yan aiki da ke gefe, da garejin mota, da filin da na ƙasa ya zagaye da waya ya shuka ayaba. Ka duba ko suna cikin takardar. Sau da yawa filin da ke kewaye da bene na kowa da kowa ne ko na gwamnati, kuma duk ɗakin da aka ƙara a kai ba tare da amincewar sashen kula da gine-gine ba, ranar da aka zo da jan fenti aka yi masa alama ba wanda zai biya ka. Kada a saka maka kuɗinsa a cikin farashi.

In takarda ta yi kyau, sai a koma ga ginin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: gini mai shekara talatin da biyar zuwa arba'in dole a samu abin gyara. Aikin shi ne rarrabe gyaran da kai kaɗai za ka iya da wanda sai maƙwabta sun yarda. Lokacin da ya fi dacewa a duba shi ne Agusta ko Satumba, damina ta yi nisa, duk inda zai yi yoyo ya yi. Gidan da aka shafe da sabon fenti a watan Janairu ba abin da zai gaya maka. In ya zama dole a rani za ka duba, ka shafa bango da tafin hannu, ka ƙwanƙwasa da bayan mukulli. Filastar da danshi ya ci tana ƙara kamar ganga, fentin kuma yana kumbura ko ya yi farin gishiri. Ka ja kabad da gado ka leƙa bayansu, ka buɗe kabad ɗin ƙarƙashin sinki ka shaƙa.

Ka ɗaga kai a banɗaki da kicin. A waɗannan benaye banɗaki na kan banɗaki ne, don haka tabon ruwa a dekin da ke samanka yana nufin banɗakin maƙwabcin sama ne ke tsiyaya. Gyaransa sai an fasa tayil ɗinsa shi, an sake bututu, an shafa maganin hana ruwa, an mayar. Idan mai fulat ɗin saman yana Legas, ɗan haya ne a ciki, kana iya shekara kana roƙo. Abin da ya fi tabo muni shi ne ka ga kankare ya ɓantare, rodi ya fito ja da tsatsa. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya tsaga simintin da ke rufe da shi, ruwa ya ƙara samun hanya. Ƙarƙashin baranda da ƙarƙashin matattakala da bakin rufi nan ake fara ganinsa. Wuri ɗaya ko biyu ana kankare tsatsar a shafa magani a cike da siminti na musamman. In ya bazu a jikin bim ko ginshiƙi, wannan ba aikin birkila ba ne, a kira injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ya duba ya rubuta rahoto. Kuɗin injiniya na yini ɗaya bai kai kuɗin tayil ɗin falo ba.

Tsaga kuma iri-iri ce. Siririya kamar gashi a jikin filasta ba komai ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, mai faɗin milimita 5 ko fiye, wadda in ka fita waje za ka gan ta ta ratso bangon, ko ka hau sama ka iske ta ci gaba. Ka ja layi da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan sati uku ko huɗu ka ga ko ta wuce layin. Ka kuma roƙi na ƙasa ya bar ka ka leƙa fulat ɗinsa. Dalili shi ne mutane da yawa sun rushe bango don haɗa falo da ɗakin cin abinci, ko don mayar da gida ofis, ba tare da sun tambayi kowa ko bangon na ɗauke da nauyi ba. Tsarin kowane hawa iri ɗaya ne, in bangon da ke naka babu shi a ƙasa, ka nemi sanin abin da aka sa a madadinsa.

Rufi na kowa ne a magana, amma a aikace na mai hawan ƙarshe ne, don shi ruwa ke zubar wa. Ka hau da kanka. Inda rufin deki ne da aka shimfiɗa wa kwalta, ka duba ko shimfiɗar ta tsattsage ko ta kumbura, ko ruwa na kwanciya, ko ganye ya toshe mazurarai har ciyawa ta tsiro. Irin wannan shimfiɗa ba ta shekara arba'in, in ba a taɓa sabunta ta ba to lokacinta ya wuce. Ka ƙirga tankunan da aka jera a kai. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 2,000 tan biyu ke nan a wuri guda, kuma a wasu benayen kowane fulat ya ɗora nasa inda ya ga dama. Inda rufin kwano ne ko asbesto a kan katako, a buɗe silin a haska tocila a ga ko gara ta ci katakon. Shi asbesto, na rufi ne ko na silin, in yana zaune lafiya ba ya cutarwa. Ƙurarsa ce ke illa ga huhu, don haka ba a fasa shi ko a huda shi a bushe. A jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum, masu aikin su rufe hanci da baki, yara kuma su bar gidan.

Ruwan kashin farko na birnin daga madatsar Usuma yake zuwa, kuma wannan na cikin abin da ya sa unguwannin ke da daraja. Sai dai tsofaffin bututun ƙarfe ne a cikin bango, tsatsa ta cike cikinsu har ramin ya tsuke. Ka buɗe famfon da ya kwana a rufe: in ruwan farko ja ne, bututun ne. Ka tara bokiti mai lita 10 ka duba agogo. Minti ɗaya ko ƙasa da haka lafiya lau, in ya haura biyu akwai magana, musamman a hawan sama da safe lokacin da kowa ke ɗiba. Sauya bututun cikin fulat da na roba aiki ne na kwanaki, kuma ni ina ganin duk wanda ya sayi irin wannan gida ya sa shi a lissafi kawai. Babban bututun da ke hawa da ruwa da wanda ke sauko da ƙazanta su ne na haɗaka da maƙwabta. Ka zagaya bayan bene ka dube su. Baƙin tabo ko gansakuka a bango tare da tsawon bututu alamar ya tsage ne. Waɗannan unguwanni ba sokawe suke amfani da shi ba, an haɗa su da babban lambatun birni mai zuwa matatar Wupa. Ka sa a ɗaga murfin cambar da ke bayan gida, wani ya ja ruwan masai a sama, ka ga ko ya wuce nan take. In cambar a cike take, ko saiwar bishiya ta shiga, to na hawan ƙasa ne zai fara ganin abin ya dawo masa ta banɗaki. Wannan kaɗai ya isa ya sa a rage wa fulat ɗin ƙasa kuɗi.

Wayar wuta an ja ta ne a zamanin fanka da firiji da talabijin ɗaya. Yau kowane ɗaki da esi, ga hita, ga injin wanki. Mai gyaran wuta ya buɗe akwatin rarraba wuta ya cire soket biyu ko uku. Abin da ake so shi ne waya mai kaurin sukwaya milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ga esi da hita kowanne da layinsa, 6 ga kuka mai lantarki. In robar wayar ta bushe tana farfashewa, ko akwai baƙin ƙuna a bayan soket, ko har yanzu tsohon fis ne da ake ɗaura wa silin waya, a sake wayar gidan gaba ɗaya, a sa sabon akwati mai burekoki da na'urar da ke yanke wuta in ta fara zuba, a kuma gwada wayar ƙasa. Ka ɗauki lambar mita ka je ofishin AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, a duba ko akwai tsohon bashi a kanta, domin in akwai, duk katin da ka saya za a riƙa yanka. Ka tambayi rukunin biyan kuɗin wuta da layin yake ciki. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin rukunin A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, bambancin kuɗin wuta tsakanin layi da layi ya zama babba. Haka za ka bi takardar hukumar ruwa da ta AEPB mai kwasar shara da kula da lambatu. Bashinsu adireshi yake bi, ba mutum ba. Inda mitar ruwa ɗaya ce ga dukan bene, ka ji yadda ake raba kuɗin da wanda ke tarawa.

Wannan ya kawo mu ga maƙwabta, kuma a nan ba lauya ko injiniya da zai taimake ka. Matattakala ita ke faɗin gaskiyar bene. In akwai ƙwan fitila mai ci a kowane hawa, an share, ƙarfen dafawa bai girgiza, to akwai masu magana da juna. In duhu ne da tarkacen tsofaffin kujeru da janareto a kan hanya, to ranar da rufi ya buƙaci miliyoyi kai kaɗai za ka tsaya. Ka nemi wanda ya fi daɗewa a benen, ka gaishe shi da kyau, ka tambaye shi: akwai ƙungiyar masu gida? Nawa ake tarawa a wata, wa ke riƙewa? Yaushe aka yi gyaran rufi na ƙarshe, kowa ya biya? Fulat nawa masu su ke ciki, nawa ne haya? Mai gadi da mai shagon kusa su ma sun san abin da dillali ba zai faɗa ba. Benen da rabin masu shi ke zaune a ciki ya fi wanda duk 'yan haya ne, ba don 'yan haya na da laifi ba, sai don ba su da ikon yanke shawarar kashe kuɗi.

Ka je sau uku aƙalla: da safe ranar aiki, da dare wajen ƙarfe tara, da kuma bayan an ɗauke ruwan sama. Da dare ne za ka ga ko akwai wurin ajiye mota, domin an tsara filin ne lokacin da ba kowane gida ke da mota ba, yanzu wani gidan uku gare shi. Da dare ne kuma za ka ji janareton wa ke ƙarƙashin tagar ɗakin kwananka, ka gane ko fulat ɗin da ke kallon naka an mayar da shi masaukin kwana-kwana, ko lambun da ke bayan layi mashaya ce mai kiɗa har asuba. Tituna da dama a Garki da Wuse ofisoshi da shaguna sun cinye su. Mai iyali ya yi la'akari da wannan, mai niyyar saye don ya mayar ofis kuma ya sani cewa canza amfanin gida ba tare da izini ba saɓa sharaɗin takardar mallaka ne, ana cin tara a kai. Sannan babu lif a irin waɗannan benaye. Hawa na uku ba komai ba ne ga ɗan shekara talatin da biyar, amma a tuna da tsohuwar da za ta zo jinya ta zauna wata biyu, da ranar da famfo ya ɗauke aka koma hawa da jarka. In da zaɓi, hawan tsakiya ya fi: ba zafin rufi da yoyonsa, ba dawowar lambatu.

In akwai ɗan haya a ciki, kada ka yarda da “zai tashi ƙarshen wata”. Ka ga yarjejeniyar hayarsa da rasiɗin biyansa na ƙarshe. A dokar da ke aiki a Abuja, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, bayan ya ƙare a ƙara na kwana bakwai, in bai tashi ba sai kotu, kuma kuskure kaɗan a rubutun notis na iya mayar da kai farko. Ko dai a rubuta cewa sai an miƙa gida fanko za ka cika kuɗi, ko ka karɓe shi a matsayin ɗan hayarka da saninka, a mayar maka da kuɗin watannin da suka rage.

Wajen biya, dillali zai ce akwai wani Alhaji da ke zuwa da kuɗi gobe, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Wataƙila gaskiya ne, amma bincike ba ya yiwuwa a kwana ɗaya. In kana tsoron a riga ka, a rubuta yarjejeniyar ciniki, ka ba da kafin alƙalami kaɗan, a sa sharaɗin za a mayar maka in bincike ya nuna matsala. Ka zauna da mai gidan ido da ido, ka gwada katin shaidarsa da suna da hoton da ke takarda. La'adar dillali a ciniki yawanci kashi 5 cikin ɗari ce, a yi maganarta tun farko, a san dillalai nawa ne a layin da wanda zai sallame su. Kuɗi ta banki za su bi, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai takarda. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan abin da ya haura naira miliyan 5 hannu da hannu. A zama ɗaya ake tura cikon kuɗi, a sa hannu gaban shaidu, a karɓi asalin takardu duka da mukullai da wasiƙar mai gida zuwa ga minista ta neman amincewa. Mai neman rance kuwa, ko na asusun gidaje na ƙasa da ma'aikata ke zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, ko na bankunan da ba ruwansu da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ, ya sani cewa banki zai aiko mai kimanta gida, kuma da wuya ya karɓi gidan da takardarsa ba ta kammala ba.

Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a farashi. Shawarata ita ce ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na jimillar kuɗinka don la'ada da lauya da kuɗin amincewa da rajista da gyara. Gyaran kuma yana da jeri, in aka juya shi sai an biya sau biyu. A fara tsayar da ruwan da ke shigowa daga rufi ko daga banɗakin sama. Sai a fasa bango a ja bututu da waya lokaci guda. Kafin a rufe, a toshe bakunan bututun a cika su da ruwa a bar su kwana ɗaya a ga ko akwai inda ke tsattsafo, a kuma tare ƙofar banɗaki a tara ruwa a ƙasa na awa 48, a sauka wurin maƙwabcin ƙasa a duba dekinsa. In ya bushe, sai filasta da tayil. Sabuwar filasta a ba ta sati uku zuwa huɗu ta sha iska kafin fenti, in damina ce a ƙara mata.